Ganyen Alhaji Mamuda

A layinmu na Sabon Gari, nan Agadas, magidanci ba ya cin abincin dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba a ɗan masallacin bakin layi, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Mamuda, kowane gida ya aiko da kwanonsa, a jera a tsakiya a ci tare. Ciyayya ke nan, tun kafin a ja mana wutar lantarki muke yin ta. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana dokokinta, amma kowa ya san su: ba a tambayar kwanon wane ne wannan, ba a kushe girkin matar wani, kuma abin da ɗan'uwanka ya turo gabanka ba ka mayar masa. Wannan ta ƙarshen ce ta kusa kai Alhaji ƙasa, da hannunmu, kuma da kyakkyawar niyya.

Ni ne Alkasum, mai gyaran injin ban-ruwa na masu lambu. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan Alhaji ne ya faɗa mini daga baya. Sauran kuma matarsa Hajiya Barira ta faɗa wa tawa, kuma nata labarin ya fi nasa cika.

Alhaji Mamuda ya yi arziki da zinariya ba tare da ya taɓa shiga rami ba. Lokacin da kowa ya ruga Jado da Cibarakaten haƙa, shi sai ya tsaya ya lura cewa mai haƙa yana jin ƙishirwa. Ya sayi motar ruwa, ta haifi wata, daga baya ya ƙara da shinkafa da man girki. Jikinsa kuma ya bi dukiyar sau da ƙafa, har ya zama tumbinsa ne ke fara shigowa lungu, shi ya biyo baya. A garin nan tumbi ba abin kunya ba ne, shaida ce. 'Yan haƙa da ke saukowa daga daji suna ba shi ajiyar zinariyarsu hankali kwance, don sun ce mai irin wannan ciki ba ya bukatar kayan kowa, kuma ko ya so ya gudu da su ba inda za shi.

Abin da kowa ke gani amma ba mai magana a kai shi ne kujerar. Farar kujerar roba ce da ke ƙarshen sahun gaba a masallacinmu, a kanta Alhaji ke salla. Gwiwoyi sun ƙi, ciwon sukari ya shigo, shekaru ke nan goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Har baƙin tabon salla da ke goshinsa ya dushe ya ɓace, kuma Hajiya ta ce ta sha kama shi a gaban madubi yana shafa wurin da yatsa. Wannan abu yana cin ransa fiye da duk cututtukan da aka lissafa masa. Ran da ƙafafun kujerar suka buɗe da shi a tsakiyar sallar la'asar, sai da muka taru a kansa kamar masu tayar da raƙumi, ran nan ya yanke shawara. Zai tafi Tunis a yi masa aiki, a rage masa tumbi.

Mai shirya shi a nan kafin tafiya wata likita ce, Ramatou, sa'ar 'ya'yansa amma ba ta da wasa. Ta yi masa bayani cewa hantarsa ta cika da kitse ta kumbura, ta kwanta a kan tumbin da ake son yankawa. In ba ta saɓe ba, likitocin can ba za su taɓa shi ba, ko da kuwa ya riga ya sauka daga jirgi. Don haka sai ya yi 'yan makonni yana rejim, wato bin ƙa'idar cin abinci, ita kuma za ta auna shi ta aika musu da sakamako.

“To me zan ci ke nan, ɗiyata?” in ji Alhaji.

Ta ce ganye. Salati, shu wanda 'yan Najeriya ke ce wa kabeji, alayyafo, zogale, yakuwa da rama, duk ya ci har ya gaji. Ya haɗa da kuɓewa da yalo da kokombur, wato kokwamba, da tumatir da tattasai, karoti da albasa kuma kaɗan. Bayan wannan sai dafaffen ƙwai, ko kifi, ko tsokar kaza marar fata gwargwadon tafin hannu, ta kuma fayyace masa cewa tafin hannunta take nufi, ba nasa ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, bai taɓa karɓar maganar farko ba, sai ya shiga ciniki. Ya tambayi dankalin turawa, ya ce ai na Tabelot ne, daga lambu ɗaya yake fitowa da salatin. Ta ce shi ne ma na farko a cikin waɗanda aka hana, da shi da dankalin Hausa da rogo da masara, don da sun shiga ciki sukari suke komawa. Ya ce to kabewa, ta ce ɗan yanki. Ya gwada sa'arsa da dabinon Fachi, ta ɗago kai ta dube shi har sai da ya janye da kansa. Daga nan ya koma kan abin da za a sa wa ganyen, nan ma ya tarar an rufe hanya: ba man gyaɗa, ba ƙuli-ƙuli, ba mayonez, sai gishiri kaɗan da yaji da lemun tsami.

“Lokotoro,” in ji Alhaji, “wannan abincin na baro a ƙauye na hau mota na zo nan.”

“Shi zai kai ka Tunis, Baba,” in ji ta.

Ya koma gida ya kafa wa Hajiya doka cewa kada wani mahaluƙi ya ji. In 'yan haƙa suka ji za a sa masa wuƙa, gobe za su yi layi a ƙofarsa kowa na neman ajiyarsa. In kuma gari ya ji mutum zai biya kuɗin jirgi don a hana shi cin abinci, ya zama abin hira har jikokinsa. Ya ƙaurace wa ciyayyar da ake yi a ƙofar gidansa kuwa, daidai yake da ya sa a yi shela cewa ba shi da lafiya. Da farko ya ce a ci gaba da fitar da kwanon da aka saba, shi a kawo masa ganyensa daban. Ranar farko ƙamshin miya ya iske shi har ɗaki, ya je madafa duba aiki, bai fito ba sai da ya ga gindin tukunya. Don haka ya hana ɗora nama a gidan gaba ɗaya, kowa ya shiga rejim har da mai aiki.

A ciyayyarmu kwano biyu ne kowa ya sani ko ido rufe, duk da dokar rashin tambaya. Na farko na Alhaji, wanda sai da hannu biyu ake ɗauko shi: shinkafa tana ƙyallin mai, naman rago a sama, ran Juma'a kuskus da kaji. Gaskiya ita ce mu sauran kwanoninmu rakiya suke yi masa. Na biyu kuma na Hamidu.

Hamidu wankin hula yake yi a bakin kasuwa. Ƙauyensu ɗaya da Alhaji a ƙasar Tasawa, mota ɗaya ta kawo su Agadas suna samari a wata shekarar yunwa, kuma shi kaɗai ne a layin ke kiran sa Mamuda gatsal. Shi ma ya je Jado, abin da ya dawo da shi tari ne. Kwanonsa ƙaramar samira ce mai ɓantararren baki, kuma abin da matarsa Naja'atu ke zubowa ciki ba ya canzawa: dafaffen zogale, ko ganyen shu na waje-waje da masu lambu ke ɓarewa su yar, da gishiri da yaji da 'yar albasa. Mai kuwa sai dai ya ji labarinsa. A can bakin tabarma ake ajiye shi. Mukan ɗan taɓa don kara, Alhaji kuwa ko ya yi niyya akwai tumbi tsakaninsa da wurin. Abin da ya rage ana mayar wa akuyar Naja'atu, wadda da nononta suke karya kumallo.

Ran da aka fara rejim na gaske, aka fito da babban kwanon Alhaji kamar kullum, muka gyara zama, muka wanke hannu. Gambo mahauci ya ɗaga murfi, muka ga shu. Ya sa cokali ya tona har ƙasa ko naman ya nutse ne, ya tarar da kokombur. Muka ci muna yaba sanyin da aka fara. Washegari aka buɗe aka ga kuɓewa zube babu tuwo, wadda ta biyo baya kuma yalo da alayyafo. Alhaji yana tauna yana kallon sama.

Kafin mako ya zagayo muka haɗu a rumfata ba tare da an kira taro ba. Gambo ya ce rabon da a aiko sayen nama daga gidan Alhaji har ya fara mantawa. Inoussa direba ya ce da idonsa ya ga Hajiya Barira a kasuwar kayan lambu tana cika buhu da ganye, tana ma neman ragi. Ya ƙara da cewa ya ji a tasha wai 'yan fashi sun tare wa Alhaji sitarni ɗaya, wato motar ruwa, a bayan Dirku. Kafin shayi ya tafasa sitarnin ya zama uku, da direbobinsu. Mu mutanen nan mun san abin da ganye ke nufi, don yawancinmu da shi aka yaye mu a shekarun da gero ya ƙi. Mai kuɗi ba ya komawa ganye da ƙafarsa. Muka dubi juna, kowa ya san hukuncin: Alhaji ya karye.

Abin ya taɓa mu ƙwarai, don mutumin nan ya ciyar da mu shekara da shekaru bai taɓa yi mana gori ba. Muka yanke cewa za a rufa masa asiri yadda aka gada. Ba mai tambayar sa, ba mai yi masa jaje, kowa dai ya je ya yi magana da matarsa. Hamidu kuwa yana gefe a taron, yana ta murza wata hula a gwiwarsa.

Daga ran nan ciyayyarmu ta zama walima. Matan layi suka ji cewa girkinsu ne zai tsaya a wurin na Hajiya Barira, sai abin ya koma gasa. Tawa, wadda kullum ke cewa mai ya yi tsada, ta soya taliya har tana iyo. Gambo ya fara dawowa da ƙirjin rago da bindi. Inoussa ya kawo cuku da dabino daga tafiya. Da an buɗe kwanoni sai kowa ya tsamo abin da ya fi maiƙo ya tura gaban Alhaji, yana kallon wani wuri kamar hannun ba nasa ba.

Alhaji ya ce ya ƙoshi. Muka jinjina kai, don abin da mai mutunci ke cewa ke nan in abin hannunsa ya ƙare. Ya ce a bar shi da ganyensa, yana jin daɗinsa, sai tausayi ya ƙara kama mu. Wata rana da abin ya ishe shi har ya saki rabin gaskiya, ya ce likita ce ta hana shi maiƙo. Inoussa ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin riga, don duk attajirin da muka sani ya karye a garin nan, likita ya fara hana shi nama kafin labari ya fito. Gambo ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ƙara turo masa bindi.

To an turo, doka kuma ta hana mayarwa. Alhaji ya ci. Mun ga hawaye a idonsa yana tsotsar ƙashi, muka ce godiya ce. Daga baya ya faɗa mini cewa rabi baƙin ciki ne, rabi kuma naman ya yi daɗi.

Ana cikin haka wata rana ƙaramin kwanon Hamidu bai zo ba, sai wata babbar tukunya da muka san ta aro ce. Aka buɗe, ga farfesun akuya har baki. Hamidu ya taso daga bakin tabarma, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki tukunyar ya dire ta a gaban abokinsa.

“Ci, Mamuda,” ya ce. “Ba a kanka aka fara ba.”

Kwanaki ana kawo naman nan, yau farfesu, gobe soye, jibi kai da ƙafa, kuma duk a gaban Alhaji yake sauka. Mu da muka san inda naman ya fito muka yi shiru, don shirun ma yana cikin rufin asiri.

Ranar awo Alhaji ya tafi wurin likita tare da Hajiya. Ya cire hula da agogo da takalmi, ya fitar da makullai daga aljihu, ya hau ma'auni. Likita Ramatou ta duba, ta sauke shi ta sake ɗora shi, ta kira wata ma'aikaciya ta tambaye ta ko ma'aunin ya lalace. Bai lalace ba, Alhaji ƙaruwa ya yi. Ta juya kan Hajiya, ita kuwa ta rantse da abin da zai kashe ta cewa ko ɗigon mai bai shiga tukunyarta ba, ta nuna yadda zanenta ya koma zagaye ta har da saura. Aka ɗora ta a ma'aunin, aka ga lallai rejim yana aiki, sai dai a jikin da ba a yi wa randebu da likitocin Tunis ba.

Nan Alhaji ya fasa ƙwai, ya ba da labarin ciyayya. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta roƙi mutanen Tunis su ɗaga ranar, kuma sau ɗaya suke ɗagawa. In ya dawo hantar tana nan yadda take, to ya manta da aikin, ya je ya sayi kujera mai ƙwari, don a kanta zai ƙare sallolinsa. Alhaji ya ce maganar kujerar nan ta fi masa zafi a kan duk abin da aka taɓa faɗa masa a duniya.

Mu ba mu san an yi haka ba. A yammacin nan ma Gambo ya yi bajintar da ta fi ta kullum, ya samo tozon raƙumi, matarsa ta soya shi da albasa. Aka buɗe, aka tura gaban Alhaji. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya sa bayan hannu ya turo kwanon tsakiyar tabarma. Tun da aka kafa ciyayyar ba a taɓa yin haka ba, har Inoussa ya tsaya da loma a hannu.

“Ban karye ba,” in ji Alhaji. “Sitarnina suna nan lafiya, ku je ku ƙirga. Operasiyo za a yi mini a Tunis, a rage mini tumbi. An ce in ci ganye hantata ta saɓe, ku kuma kun taru kuna ɗura mini kitse. Ni so nake in sa goshina a ƙasa kafin a sa ni a cikinta. Shi ke nan abin da nake ɓoyewa.”

Inoussa ya matso kunnena ya ce abin ya fi yadda muke zato, karayar ta taɓa kai. Gambo kuwa da ya gane gaskiya ce sai ransa ya ɓaci. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa jin an tara wa mutum nama don tausayi ba, ashe mutumin kuɗi zai biya a koya masa yunwa, alhali ga ta nan kyauta a kowane lungu. Ya tambaya cikin fushi wane irin ganye ne wannan da sai an je ƙasar Larabawa. Alhaji ya shiga lissafa masa da yatsu, shi ma a fusace: zogale, shu, alayyafo, yakuwa, a dafa da ruwa, gishiri kaɗan, yaji, 'yar albasa, ba mai, ba ƙuli.

Sai muka ji dariya daga bakin tabarma. Hamidu ne, yana yi tari na sarƙe shi.

“Mamuda, ai kwanona ka lissafa,” ya ce.

Alhaji ya dube shi, ya dubi wurin da ake ajiye ƙaramar samirar, wurin babu komai. Ya tambaya ina kwanon yake.

“Yana gida. Tun da aka shimfiɗa tabarmar nan nake kawo shi, ba ka taɓa sa hannu a ciki ba. Da na ga ka shiga wahala sai na ji kunyar in kawo maka shi.”

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa ma ta shiga. Alhaji ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, naman da aka yi ta kawowa fa, daga ina. Hamidu ya ce a bar maganar, an riga an ci. Gambo ne, da yake haushi bai sake shi ba, ya ce shi ya yanka ta da hannunsa, akuyar Naja'atu ce, kuma tun ran nan da ruwan zafi suke karyawa a gidan.

Na san Alhaji Mamuda tun ana iya ganin wuyansa, ban taɓa ganin kunya ta kama shi irin ta ran nan ba. Ya sunkuyar da kai iyakar inda tumbi ya bar shi. Tozon raƙumi ya sandare a kwano ba wanda ya taɓa, muka watse kowa yana neman takalminsa da ƙafa.

Washegari aka sake tsari. Hajiya Barira ta mayar da tukunyar nama kan wuta tana hamdala, babban kwano ya dawo da ƙyallinsa. Naja'atu ta dawo da samirarta, sai dai yanzu Alhaji ke aika mata ganyen, sabo daga lambu, ita kuma ta dafa shi yadda talauci ya koya mata, wanda ya zo daidai da yadda likita ke so. Alhaji ya tashi daga tsakiya ya koma bakin tabarma, inda iska ke kore ƙamshi. Hamidu ya zauna tsakaninsa da nama. Hannunmu ya riga ya saba, mukan manta mu tura tsoka wajen Alhaji, sai ta tsaya a gaban Hamidu, shi kuma doka ta hana shi mayarwa.

A ranar ce kuma, ana cikin ci, aka fito da akuya mai ciki daga gidan Alhaji. Alhaji ya karɓi igiyar ya tura ta gaban Hamidu a kan tabarma yana kallon wani wuri. Hamidu ya dubi igiyar ya dube mu, ya ga ba mai ceton sa, ya ɗaura ta a ƙafarsa ya ci gaba da cin abinci.

Ba zan ce Alhaji ya ji daɗin makonnin nan ba. Yana cin zogale yana tsine wa wanda ya fara shuka shi. Ya aika wa likita tambaya ko kilishi na cikin ganye tunda shi ma shanya shi ake yi, ta ƙi ba shi amsa. Amma ya ci, ya kuma side ƙaramin kwanon tas, har akuyar ba ta samun saura. Kumatun Hamidu suka fara fitowa, tarin ma ya yi sauƙi. A gari kuwa labari ya tabbata, tunda an ga Alhaji da ido yana cin kwanon mai wankin hula. Wasu 'yan haƙa suka zo suka karɓi ajiyarsu, ɗaya ma ya je ya tambayi Hamidu ko yana karɓar ajiya.

Da aka koma awo hantar ta saɓe, likita ta aika da sakamako, Alhaji ya hau jirgi. Aka yi aiki lafiya, ya dawo yana shan romo da ƙaramin cokali, loma kaɗan ya ce ya ƙoshi, kuma karon nan da gaske yake. Watanni suka wuce yana zubewa, rigunansa suka koma kamar na aro. Mutanen gari suna tare shi a hanya suna yi masa sannu da haƙuri, suna cewa dukiya ai tafiya take ta dawo. Ya gaji da bayani, ya koma amsawa da amin.

Kujerar dai tana nan a ƙarshen sahu, don gwiwoyin sun daɗe ba su yarda da shi ba. Sai wata magariba bayan an sallame, mun fito mun shimfiɗa tabarmi har an jera kwanoni, muka ga babu Alhaji. Muka leƙa masallaci. Ya ture kujerar gefe ya tayar da nafila a tsaye. Muka ga ya yi ruku'u, ya ɗago, ya sauka a hankali yana dafa ƙasa, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya sa goshinsa a kan tabarmar masallaci.

Bai ɗago ba. Muka jira, muka ƙara jira, kafaɗunsa kawai ke motsi. Inoussa ya ce ga abin da yake gudu nan, yunwa ta kayar da mutumin, mu shiga mu ɗaga shi kamar wancan karon. Har ya cire takalmi ɗaya, Hamidu ya riƙe masa hannun riga.

“Ƙyale shi,” ya ce. “Ya daɗe bai je wurin ba.”

Muka koma muka zauna a gaban kwanoni, ba wanda ya ɗaga murfi. Ran nan da sanyi muka ci naman, kuma ko Gambo bai yi ƙorafi ba.